Makullin Zaure

Mu sittin da uku ne a zauren,
tsofaffin masaƙar Kakuri,
waɗanda ƙarar inji ta cinye wa kunne ɗaya,
aka sallame mu da takarda da "ku yi haƙuri".
Ni ke riƙe da makulli.
Ɗana ya ce sunan muƙamin admin,
na ce to, ko ba komai, na samu sarauta da tsufa.

Zaure ne ba tabarma,
ba buta, ba mai yin sallama.
Da asuba Haladu ya turo addu'a,
da hantsi Barau ya turo farashin masara,
da dare a yi ta musun ƙwallo
har caji ya ƙare a bar magana a rataye.

Ran Litinin sanarwa ta faɗo:
a zo tantancewa Laraba da katin aiki,
wanda bai zo ba, sai wani jiƙon.
Muka yi ta danna babban yatsa.
Laraba muka cika layi, kowa da fayil a hammata.

Ran Juma'a bayan an sauko
aka ga Cindo a bakin get,
riga ta sha guga, takardu a leda,
maigadi yana nuna masa kwaɗo.
Wayarsa 'yar tocila ce,
roba ta ɗaure mata baya.
Ba ta san zaure ba, zaure bai san ta ba.

Daren nan zaure ya ɗau zafi.
Barau ya ce laifin waya ne,
ta gina katanga ba bulo,
mai babba ciki, mai ƙarama waje.
Haladu ya ce zamani riga.
Wani ya turo fuska mai hawaye.
Ni ma na tura. Ba ta da tsada.

Sai barci ya ƙi ni.
Gidan Cindo na Tudun Nufawa,
layi biyu daga inda nake sayen kati.
Litinin na wuce ƙofarsa, Talata na wuce,
har jikarsa ta gaishe ni tana tsinke zogale.
Wace waya ce ta riƙe min harshe?

Sannan Ishaya.
Shekara sha ɗaya muna inji ɗaya,
kwano ɗaya na wake da shinkafa.
Tun da gari ya tsage ya ƙetare gada,
ya koma Sabon Tasha.
Wayarsa babba ce, ta fi tawa.
Lambarsa na nan, tsakanin Isa mai faci da Iya.
Ban taɓa cire shi ba,
ban dai taɓa sa shi ba.
Ba wanda ya ce kar a sa,
ba wanda ya ce ina yake.

Kafin waya, a gindin dalbejiyar get,
benci ma yana da mutanensa.
Akwai wanda in ya doso sai a sauya zance,
a hau maganar damina.
Lokacin ba mu da abin ɗora wa laifi.
Yanzu mun samu, tana aljihu,
kuma ba ta musu.

Ban wanke ta ba, a'a.
A gindin bishiya kana ganin ƙeyar masu ƙus-ƙus,
ka san an bar ka.
Nan kuwa ƙofar ma ba ka ganinta
balle ka ƙwanƙwasa.
Amma na duba ko'ina a jikin wayar,
ban ga hannun da take ja da sakata ba.
Nawa na gani, da kanta a yatsa.

Da gari ya waye na danna sunan Ishaya.
Zaure ya yi tsit, sittin da huɗu.
Na ga yana rubutu, ya tsaya, yana rubutu.
Har shayina ya huce.
Sai ga shi:
"Sannunku. Ina Cindo?"

Na kife wayar a kan tabarma,
na shiga neman takalmina.